Hoton da Abba Bai Gani Ba

"Ka dube ta da kyau, Dogo. Don Allah ka dube ta kafin ka ce a'a."

Auta ta tura masa wayarta har gaban hanci. A allon wayar, sabuwar kyamarar da aka sanar da fitowarta ce take jujjuyawa a hankali, baƙa wuluk tana sheƙi, wani mutum yana ta zuba mata kirari kamar zai aurar da ita.

Dogo bai karɓi wayar ba. Yana zaune a kan kujerar sitidiyonsa, yana goge gilashin tsohuwar kyamararsa da ɗan ƙyalle.

"Na gan ta," ya ce. "Tun da aka sanar da ita masu hoto ba su da wata hira sai tata."

"To me ka gani?"

"Na ga kyamara ce ta gaske. Da kanta take nemo idon mutum ta bi shi, ko gudu yake yi. Tana ɗauka a duhu ba sai an kunna fitila ba. Hotonta kuwa ko bangon gida za a lulluɓe da shi ba zai fashe ba."

"Ka ji ko! Da bakinka ka faɗa."

"Ban gama ba, Auta. Wa yake gudu a sitidiyon nan? Masu hoton fasfo, ko tsofaffin da suke zuwa don katin fansho? Kuma ba ita kaɗai ake saye ba. Katinta daban, batirinta daban, kwamfutar nan tawa in ta ga hotonta sai ta kama nishi. Mai ɗaukar wasan ƙwallo in ya canza bai yi laifi ba. Ni kam wannan ta ishe ni."

Ya ɗaga tsohuwar ya nuna mata. Robar mariƙinta ta daɗe da ɓarewa, ya naɗe wajen da baƙin salatif. Rubutun madannanta duk ya goge, igiyar wuyan ta koɗe. Auta ta kau da kai, don ba ta son ganin salatif ɗin nan ko kaɗan.

Sun daɗe suna son juna, kuma tun ranar farko gidan su Auta ba su yi na'am ba. Yayanta namiji, wanda ya karɓi ragamar gida tun da Abba ya yi ritaya idanunsa suka fara dushewa, abokinsa yake so ya ba ta. Manaja ake ce wa abokin, shi ne mai katafaren shagon kyamarori da wayoyi na bakin babban titi. Umma kuwa duk inda Yaya ya sa ƙafa nan take sawa. Abba ne kaɗai bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Sai ga shi likita ya sa ranar yi wa Abba aikin ido, ya kuma faɗa masa gaskiya cewa ana iya dacewa, ana iya rasa ɗan ganin da ya rage. Abba ya ce kafin a kwantar da shi yana so 'ya'yansa duka su taru a yi musu hoto ɗaya babba, ya kalle su ya ƙoshi. Har Anti, babbarsu, da take can wata ƙasa mai nisa inda mijinta yake aiki, ya ce ta zo. Sannan ya ƙara da maganar da ta hana Yaya sakat.

"A kira yaron nan mai hoto, na wajen Auta."

Wannan ne karon farko da Dogo zai taka falon gidansu.

"Idon Abba fa ba ya gani sosai," Auta ta ce. "Babban hoto yake bukata."

"Wannan za ta fitar da hoton da ya kai rabin ƙofa, tsaf da shi. Na sha yi."

Da ta ga ta nan ba ta ɓulle ba, sai idanunta suka ciko. Ta zauna a kan bencin masu jiran hoto ta rufe fuska da gefen mayafi.

"Ba ka san abin da nake ji a gidan nan ba ne. Ran nan Yaya ya gan ka a wajen wani taro kana aiki. Ya dawo yana cewa mutumin da ya kasa sauya robar kyamararsa, shi ne zai riƙe mace? Manaja yana zaune, ya yi ta dariya har da buga ƙafa. Umma ma ta dara. Kuma Manajan zai zo ranar hoton, Yaya ya gayyace shi. Zai tsaya ne a kanka yana kallon abin da ke hannunka."

Dogo ya ajiye ƙyallen.

"Ke fa? Da suka yi dariyar me kika ce?"

Auta ta ƙara ƙarfin kuka. Ranar ba ta ce komai ba. Murmushi ma ta yi, irin na wadda take so a ɗauka ba ruwanta da wanda ake magana a kai, kuma tun daga lokacin murmushin nan yake ci mata rai.

"In dai kana sona, Dogo, kada ka shiga gidanmu da wannan abin. Rana ɗaya ce tak. Ka bari su gan ka yadda ni nake ganinka."

Ya daɗe yana kallon tsohuwar kyamarar a cinyarsa. Sannan ya rufe gilashinta da murfi.

"Na ji," ya ce.

* * *

Abin haushin shi ne, a duk garin shago ɗaya ne ya samo sabuwar kyamarar, kuma na Manaja ne. Guda ɗaya ce ma, wadda aka ajiye a kan teburin gilashi don masu saye su taɓa su gwada.

Haka Dogo ya haɗiye girman kai ya shiga. Ya ajiye tsohuwarsa a kan gilashin don a yi musaya, ya haɗa da duk abin da ya daɗe yana tarawa na kama gidan da za su zauna shi da Auta. Manaja ya ɗaga tsohuwar da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya miƙa wa mai tsaron kanta.

"Malam mai hoto an ci gaba," ya ce yana murmushi. "Amma fa wannan ba irin waccan ba ce. Ka iya sarrafa ta kuwa, ko in zauna in koya maka?"

"Na iya."

Bai iya ba. Madannanta sun ninka na tsohuwar, kuma babu ɗaya da yake inda yatsansa ya saba samu. Amma da ya zauna gaban mutumin da yake neman budurwarsa yana koya masa sana'arsa, gara masa ya yi ta lalube.

Ranar hoton gidan ya cika. Anti ta iso da 'ya'yanta, sauran 'yan'uwa maza da matansu duk sun hallara, yara sai tsalle suke a kan kujeru. An janye teburin tsakiya, an ɗage labule don haske ya shigo. Abba yana zaune a kujerarsa ta kullum da fararen kaya, hannunsa a kan sanda.

Auta ta yi ta kiran Dogo a waya, kira a kan kira. "Kana ina? Kowa ya shirya fa. Yaya ya fara duba agogo. Don Allah ka taho haka nan."

Ya iso a gurguje, gumi ya jiƙa masa sabuwar riga. Ya gaida Umma ta amsa a daƙile. Ya durƙusa gaban Abba.

"Kai ne mai hoton? Matso in gan ka." Abba ya kamo kafaɗarsa ya jawo shi dab da fuskarsa, ya ƙura masa ido. "Ashe da gaskiyarsu, dogon ne. To tashi ka yi mana aiki, ɗana."

Da Dogo ya zuge jaka ya fito da kyamarar, kowa ya zuba mata ido. Wani ƙanen Yaya ya ce, "Kai! Ba wannan ce ake ta nunawa a waya ba?" Yaya ya kalli Manaja, Manaja ya ɗaga kafaɗa. Anti ta zunguri Auta ta raɗa mata, "Ashe dai mutumin naki ba baya ba ne."

Wani daɗi ya ratsa Auta har tafin ƙafa. Ta gyara tsayuwa a bayan kujerar Abba, tana jin kamar ita ta ƙera kyamarar.

Dogo ya jera su, dogaye a baya, jikoki a ƙasa, Anti a dama da Abba, Umma a hagu. Nan kam babu mai koya masa. Ya san yadda zai sa yaro mai kuka ya yi dariya, ya san yadda zai juya fuskar tsoho haske ya sauka a kanta. Ya kai ido ya fara ɗauka. Duk ɗauka ɗaya hoton ya fito a allon baya, tar da shi, har zaren hular Abba ana gani.

Sai dai akwai wani ɗan jan rubutu a kusurwar allon, yana ƙiftawa.

Dogo ya gan shi. Allon cike yake da alamomin da bai gama sani ba, ya ɗauka wannan ma ɗaya ce daga cikinsu. Ransa ya ce masa ya dakata ya duba da kyau. Amma Manaja yana tsaye a kafaɗarsa, hannu a aljihu, ga Yaya ya zuba masa ido, ga Auta tana masa murmushin da bai taɓa gani a fuskarta ba. Ya tsaya yana lalube a gaban waɗannan? Ya sa babban yatsa ya rufe kusurwar, ya ci gaba.

Manaja ya leƙa allon, ya ɗan jima yana kallo. "Aiki yana kyau," ya ce. Ko ya ga jan rubutun ko bai gani ba, ni dai ban shiga zuciyarsa ba. Abin da na sani, ya koma gefe ya ciro wayarsa ya ɗauki nasa.

Da aka gama kowa ya zo ya leƙa na ƙarshen a allo ya yaba. Abba ya ce shi ba zai wahalar da idonsa a wannan ɗan mitsitsin abu ba, zai jira babban.

Washegari da safe aka raka Anti filin jirgi, ta yi ta kuka a kafaɗar Abba. Ba a daɗe da dawowa gida ba wayar Auta ta yi ƙara.

"Ki zo sitidiyo," Dogo ya ce. Muryar kamar ba tasa ba. "Yanzu."

* * *

Ta same shi zaune a ƙasa, ya jingina da bangon da yake rataya labulen hoto. Bai ɗago ba. Ya nuna mata teburin kwamfuta da hannu.

"Kin ga abin can da yake maƙale a jikin kwamfuta?"

"Na gani. Mene ne?"

"Katin kyamara ne. A cikinsa hoto yake zama. Jiya kafin in fito na gwada ɗauka, na zare shi na sa a can don in ga yadda ya fito. Kika kira, kika sake kira, na sunkuci jaka na fita. Yana nan tun jiya, Auta. Bai je gidanku ba."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ban gane ba. Ai mun ga hotunan. Kowa ya gani."

"Nunawa kawai take yi, tana kashewa ya tafi. A shago haka suke saita ta don masu gwaji su yi ta dannawa ba kati. Ita ce ta kan tebur, ban san ba su mayar da saitin ba." Ya goge fuska da tafin hannu. "Na sha mantawa da kati, ba yau na fara ba. Amma tsohuwar in babu kati ko za ka karya madannin ba za ta ɗauka ba. Sai in yi tsaki in koma in ɗauko. Hannuna ya saba, in ta ɗauka to akwai kati. Wannan kuwa ta yi ta gaya min da jan rubutu, na rufe shi da yatsa don kada Manaja ya ga ban sani ba."

Auta ta zube a kan benci.

"Ko ɗaya babu?"

"Ko ɗaya."

"Anti ta tafi, Dogo! Jirginsu ya tashi! Aikin Abba ya matso, ba za ta iya dawowa ba. Wayyo Allah na, wayyo Abba!"

Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Shi kuwa ko motsi bai yi ba, hawaye ne kawai suke bin gemunsa. Can ta share ido da sauri, ta matso kusa da shi.

"Ka ce katin ne ya lalace. Ka ce kyamarar ce ta zo da matsala daga kamfani. Ko ka ce Manaja ne ya sayar maka da ita a haka da gangan, ai kusan gaskiya ne. Yaya zai ji kunya ya yi shiru."

"Ba gaskiya ba ne. Mutumin ya ce zai koya min na ce na iya."

"To wa zai sani?"

"Ni zan sani. Tsohon nan ya jawo ni jikinsa ya ce min ɗana. In koma in yi masa ƙarya a kan abin da yake jira da sauran ganinsa?"

"Za su raba mu! Ka san abin da Yaya yake jira ke nan!"

"Na sani."

Ta shiga murza gefen mayafi. Akwai maganar da take bakinta, tana jin nauyinta, tana ƙyamar kanta tun kafin ta faɗa. Amma ta faɗa.

"In ka je... ba sai ka ce ni na matsa maka ka canza ba."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta. Da zagi ya yi mata da ya fi mata sauƙi.

"Ban taɓa niyyar faɗa ba, Auta," ya ce a hankali. "Da ba ki roƙa ba ma."

* * *

Da la'asar ya zo gidansu. Auta tana bayan labulen da ya raba falo da hanyar ɗakuna, ta manne da bango.

Ta ji shi ya faɗi komai, bai rage ba bai ƙara ba. Ya ce ya manta kati, ya ce kyamarar ta gargaɗe shi ya ƙi dubawa. Umma ta saki salati ta fashe da kuka. Yaya ya miƙe tsaye.

"Na faɗa! Wallahi na faɗa! Abba, ka ga irin mutumin da ake so a ba wa yarinya? Aiki ɗaya aka sa shi, sana'arsa ce fa! Malam, ka san daga inda Anti ta taso? Ka san abin da ka yi mana?"

"Na sani, Yaya. Ku yi haƙuri."

"Kada ka sake ce min Yaya!"

Manaja yana nan, don Yaya ya riga ya kira shi tun da ya ji ƙishin-ƙishin. Ya yi gyaran murya, ya fito da wani firem daga leda.

"Baba, ba a rasa duka ba. Na ɗan ɗauka da waya ranar, na sa an wanke."

Auta ta leƙa ta gefen labule. Daga gefe aka ɗauki hoton, rabin mutanen suna kallon wani waje, kuma da aka ƙara masa girma fuskokin sun dusashe. Abba ya karɓa, ya kai shi dab da idonsa, ya matsar, ya sake kawowa. Ya ɗora yatsa a kan wata fuska.

"Wannan babbar ce ko Auta?"

Auta ta cusa mayafi a baki don kada kukanta ya fito. Abba ya kife firem ɗin a cinyarsa.

"An gode, Manaja." Ya juya inda Dogo yake durƙushe. "Ɗana, tambaya ɗaya zan yi maka. An ce min kana da kyamarar da ka daɗe kana aiki da ita. Me ya sa ka canza ta ana gobe aiki?"

Auta ta ƙara kasa kunne a bayan labule.

"Son a sani ne, Baba. Na so in burge."

"Kai kaɗai ka yi shawarar?"

"Ni kaɗai."

"To. Tashi ka je, za ka ji daga gare ni."

Ta ji tashin Dogo, ta ji ya sa takalmi a bakin ƙofa, ta ji ƙarar ƙofar. Yaya ya fara cewa, "Abba, ai magana ta ƙare, sai a sa ranar da su Manaja za su..." Ba ta san lokacin da ta yaye labulen ba. Ta zube a gaban Abba, gwiwoyinta suka bugi ƙasa.

"Ni ce, Abba! Ni ce na sa shi. Ya ce min ba ya bukatarta, ya ce tsohuwar ta ishe shi, na yi ta kuka har ya yarda. Abin da ya tara na gidan da za mu zauna ya kai. Ni na yi ta kiransa har ya manta katin. Kuma ɗazu na roƙe shi kada ya faɗi sunana."

"Ke, rufe mana baki!" in ji Umma. "A gaban baƙo?"

Abba ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru.

"Me ya sa kika matsa masa?"

"Su Yaya ne suke masa dariya... saboda salatif ɗin da ya naɗa..."

"Su suka yi dariya, ke kika ji kunya."

Ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa ƙafarsa.

Abba ya yi ajiyar zuciya. Da ya yi magana muryarsa ba ta tashi ba, amma har Manaja sai da ya gyara zama.

"Hoton nan ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Wataƙila na gama ganin 'yar'uwarki ke nan. Amma yaron nan ya zo da ƙafarsa ya faɗi laifinsa, ya kuma ɗauki naki ya ɗora a kansa, yana sane za a kore shi. Ni irin mutumin da nake nema wa 'yata ke nan, kuma tun kafin yau na yi tambaya a kansa. Shi na yarda da shi."

Yaya ya zabura. "Abba!"

"Ban gama ba. Ke ce ban yarda da ke ba, Auta. Ba zan ɗauki macen da take jin kunyar mutum in kai masa gida ba. Yau kyamara ce, gobe takalminsa ne, jibi danginsa. Zaluntarsa zan yi. In yana da sauran sha'awa bayan abin da kika yi masa, shi zai faɗa, ba ke ba."

Maganar ta shige ta kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta miƙe, ta ratsa tsakanin Yaya da Manaja, ta fita ko takalmi babu.

A ƙofar gida Dogo yana ta fama da mashin ɗinsa, ya ƙi tashi. Unguwar kuwa a cike take. Mai shagon kusurwa yana zaune da abokan hirarsa, matan maƙwabta sun leƙo saboda ihun Yaya, ga motar Manaja tana sheƙi a gefe. Auta ta zo ta riƙe kan mashin ɗin da hannu biyu.

"Na faɗa musu. Na faɗa wa Abba komai."

Ya dube ta, ya dubi ƙafafunta a cikin ƙura. "Da ba ki yi ba."

"Ya ce ya yarda da kai. Ni ce bai yarda da ni ba."

Dogo ya sauke ƙafa daga kan abin tayarwa.

"Ni ma akwai abin da nake so in sani. Ki faɗa min tsakaninki da Allah. Kyamarar kike jin kunya, ko ni?"

Ƙarya tana nan a kan harshenta, mai sauƙi, kuma ta san zai karɓa. Ta haɗiye ta.

"Kai ne," ta ce, hawaye suna shiga mata baki. "Ina sonka, kuma ina jin kunyar a gan ni da kai. Duka biyun gaskiya ne. Ban san na kai haka lalacewa ba sai yau. Ka yafe min, Dogo."

Ya rufe ido kamar an mare shi. "Na daɗe da sani. Na ɗauka in na sayi abin nan zai wuce."

"Ban cancanci ka tsaya ba. Amma ka tsaya."

"Ban san abin da zan ce miki yanzu ba, Auta. Wallahi ban sani ba." Ya waiga. Yaya ya fito bakin ƙofa, Manaja yana bayansa da mukullin mota a hannu, mutanen shagon kusurwa sun bar hira sun juyo gaba ɗaya. Ya rage murya. "Ki sake min mashin ki koma ciki. Ba takalmi a ƙafarki, kuma duk unguwa ke suke kallo."

Yaya ya daka mata tsawa daga bakin ƙofa, ya ce ta wuce ciki kafin ya iso wajen. Fuskarta kamar ta kama da wuta. Ta ƙara damƙe ƙarfen har yatsunta suka yi fari.

"Su kalla," ta ce.